Ruwa ya ci fadama, wuta ta ci tudu: ina manomi zai kai kukansa?

Manomin Fadama, daga ƙasar Augie, ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina roƙon waɗanda suka san yadda aikin gwamnati yake tafiya su warware mini wani al'amari da ya tsaya mini a rai, domin na tambayi mutane da dama a garinmu, kowa da irin amsar da yake ba ni.

Ina da gonar shinkafa a fadamar gulbin Rima, ina kuma da 'yar gonar tudu da na gada, inda nake shuka gero da dawa da wake. A daminar bana shinkafata ta riga ta yi ciki, wani sashe ma ya fara fitar da kai, sai ruwa ya taso cikin dare a watan Satumba. Da gari ya waye na isa bakin fadama ban ga fangali ko ɗaya ba, sai jan ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da ƙoƙuwar bukkar da muke fakewa a cikinta idan rana ta take. Ruwan ya fi mako biyu kwance a kan shukar, kuma da ya janye abin da ya bar mini shi ne ruɓaɓɓen kara da laka mai wari. Bayan 'yan kwanaki wasu jami'ai suka zo suka zauna a ƙofar gidan hakimi, suka rubuta sunayenmu da girman gonakinmu da lambar wayar kowa, suka ce mu saurara. Muna nan muna saurare har yau.

Na yi haƙuri na ce ai tudu zai rufa mini asiri. Na girbe gero na ɗaure, na jera dammunan a tsakiyar gona ina jiran samun amalanke, ga harawar wake da na tara wa shanun huɗa a kan wata bishiyar kalgo da ke gefe. Ranar wata kasuwa, iskar hunturu tana kaɗawa da ƙarfi, wuta ta taso daga dajin da ke gabas da mu, ana zargin yara masu farautar gafiya ne suka cinna ta. Kafin mu iso da ganyaye da bokitai ta gama da damin gero arba'in da ɗoriya, ta lashe harawar, ta shiga gonar maƙwabcina. A wannan karon babu jami'in da ya zo, sai 'yan'uwa masu jaje.

Tambayata ita ce, shin akwai wani tanadi na gwamnati ga manomin da wutar daji ta yi wa ɓarna, ko kuwa ambaliya kaɗai ake lissafawa? Sunan da aka rubuta tun watan Satumba kuma, a ina zan bi sawunsa? Akwai kuma bashin taki da iri da na karɓa ta hannun ƙungiyarmu, wanda aka ce an cire kuɗin inshora a ciki, amma ban taɓa riƙe takardar inshorar a hannuna ba, ga shi an fara yi mana maganar biya.

Tsohon Malamin Gona, daga Birnin Kebbi, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri, ya sa iyakar wahalar ke nan. Na yi shekaru ina aikin malamin gona a tsakanin Argungu da Suru da Bunza kafin in ajiye aiki, saboda haka bari in gaya maka abin da na gani da idona, ko da ba zai yi daɗin ji ba.

Abin da za ka fara cirewa daga ranka shi ne tsammanin diyya. Abin da gwamnati take bayarwa bayan bala'i tallafi ne, wato abin da zai taimaka maka ka sake tsayawa da ƙafarka, ba a auna shi da buhunan shanshera da ka rasa. Wanda ya yi asarar buhu ɗari da wanda ya yi asarar buhu goma sau da yawa kaso ɗaya suke samu: iri, da taki buhu ɗaya ko biyu, da maganin feshi, wani lokaci da injin ban ruwa da za a haɗa mutane da yawa a kansa. Diyya ta gaskiya, wadda ake lissafa ta bisa abin da ka kashe a gona, daga inshora kaɗai take fitowa, kuma zan dawo kanta.

Sunan da aka rubuta yana da hanyar da yake bi. Daga mai unguwa da hakimi yake tashi zuwa wurin uban ƙasa, daga nan zuwa sashen aikin gona na ƙaramar hukuma, sannan a tattara a kai wa hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA. Ita ce take haɗa rahoto ta miƙa wa gwamna, idan kuma ɓarnar ta fi ƙarfin jiha a kira hukumar tarayya, NEMA, wadda aka kafa a 1999, ta turo nata mutanen su tantance. A kowane mataki ana sake kwafe sunaye, kuma a wurin kwafewar ne wasu suke zubewa, wasu da ba su san hanyar fadama ba su shigo. Don haka kada ka zauna a gida kana jiran waya ta yi ƙara. Ku haɗu ku biyar ko shida, ku nemi hakiminku ya haɗa ku da wakilinsa, ku je sakatariyar ƙaramar hukuma ku roƙi shugaban sashen aikin gona ya nuna muku jerin sunayen da aka aika daga garinku. Ba faɗa za ku je yi ba, dubawa za ku yi, kuma na sha ganin an gyara kuskure a wannan mataki cikin ruwan sanyi, alhali da an bari sai ranar rabo da ba a gyaru ba.

Game da jinkiri kuwa, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba yau aka fara ba. A 2020, lokacin da Gwamna Atiku Bagudu yake kan mulki, an ba da rahoton cewa ambaliya ta shanye kimanin hekta 450,000 na shinkafa a jihar nan, labarin ya kai har kafofin watsa labarai na ƙasashen waje, saboda Kebbi ce ake kallo a matsayin rumbun shinkafar ƙasa tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Banki a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Ambaliyar 2022 kuma, wadda ta kashe mutane fiye da 600 a faɗin Nijeriya, sai a 2023 aka raba babban tallafinta, wanda ya ƙunshi abinci da iri da taki da injinan ban ruwa da kekunan ɗinki da injinan niƙa. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ware naira biliyan 3 ga kowace jiha saboda ambaliya. Kuɗi suna fitowa, ba zan ce ba sa fitowa ba. Abin da yake ci mini rai shi ne agogon ofis da agogon gona ba sa tafiya tare. Ruwa yana janyewa daga fadama a watan Oktoba zuwa Nuwamba, ya bar ƙasa mai danshi da sabuwar laka wadda ta fi kowane taki. Manomin da ya sami iri mai saurin nuna da man injin ban ruwa a wannan ɗan tsakani zai yi rainon iri, ya yi dashe a cikin hunturu, ya girbe kafin damina ta sake faɗuwa, ya mayar da rabin abin da ya rasa ko fiye. Buhun iri ɗaya a watan Nuwamba ya fi buhu biyar a watan Yuni amfani, domin zuwa Yuni mutum ya riga ya sayar da san huɗa ko ya jinginar da gonar. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 ma abin ya ƙara tsanani, don yanzu man injin yana cinye kaso mai yawa na kuɗin noman rani.

Maganar wuta kuma, a takarda babu bambanci: aikin hukumomin agaji ya shafi gobara kamar yadda ya shafi ambaliya da guguwa. A aikace ne bambancin yake. Ambaliya tana cin gonakin ƙananan hukumomi goma a mako guda, a ɗauki hoto daga sama, gwamna ya shiga kwalekwale ya je jaje. Wutar daji kuwa tana cin gonar mutum uku yau a Augie, gobe ta ci ta mutum biyu a Maiyama, jibi a ƙasar Zuru, babu mai haɗa lissafinta, abin da ba a lissafa ba kuwa ba a yi masa kasafi. Saboda haka kai ne za ka mayar da gobararka rubutacciya. Ka ɗauki hoton tokar da ragowar dammunan tun iska ba ta kwashe ba, ka sa malamin gonar yankinku ya zo ya auna ya sa hannu, hakimi ya rubuta takardar shaida, ka haɗa da maƙwabcinka da duk wanda wuta ta taɓa a gundumarku a bana, ku kai takarda ɗaya. Takarda mai ɗauke da sunaye ashirin tana samun wanda zai karanta ta, ta mutum ɗaya kuwa a cikin fayil take tsufa.

Mai Turara Shinkafa, daga Jega, ta amsa:

Malam, sannu da wannan rashi, Allah ya musanya da mafi alheri. Baba Malamin Gona, na gode da bayaninku, amma ku yi mini izini in ƙara wani abu da ba ku taɓo ba, wanda mu mata ya fi shafa.

Idan an zo rubuta sunaye, tambayar da ake yi ita ce, gonar wa ce? Ba a tambayar wa ya noma ta bana, ko kuɗin wa ke ciki. A fadamarmu gonaki da yawa haya ce ko aro ko jingina, mai gonar yana zaune a gari, wani ne ya zuba taki da guminsa. Ruwa ya ci, a rubuta mai gona, ranar rabo shi zai karɓi buhun taki ya kai kasuwa, wanda ya yi asarar yana kallo. Ni sana'ata turara shinkafa, ina da tukwane uku, kuma kowace damina nakan ba manoma biyu ko uku kuɗin aiki bisa alkawarin za su biya ni da shanshera a kaka. Shekarar da ruwa ya yi ɓarna, kuɗin adashen da na kwasa ne suka nutse, tukwanena suka yi wata uku a kife, amma ba ni da gona balle a rubuta ni, kuma ba zan je ƙofar hakimi in kutsa cikin maza ina cewa a sa sunana ba. Irina muna da yawa, har da zawarawa masu noma ta hannun 'ya'yansu.

Shawarata ga mai tambaya ita ce, idan za ku je duba jerin sunayen nan, ku tafi da sunayen masu haya da na matan da suka zuba kuɗinsu, a rubuta su a takarda dabam hakimi ya sa hannu. Ko ba a karɓa bana ba, an san da su. Mu a unguwarmu sai da muka yi wa ƙungiyarmu rajista muka buɗe asusu a banki sannan aka fara kiran shugabarmu idan za a yi rabo, kafin nan sai dai mu ji labari a bakin yara.

Ɗalibin Kimiyyar Noma, ɗan Yawuri, ya amsa:

Iyayena, ina neman afuwa in sa baki a gabanku. Mu a Yawuri da Ngaski da Shanga namu ruwan dabam ne, domin idan tafkin Kainji ya cika ruwan Neja baya yake yi ya hau gonaki, shi ya sa muke cikin yankunan da HYPPADEC, hukumar raya yankunan madatsun ruwa masu samar da wutar lantarki, take kula da su. Ku na gulbin Rima kuma idonku yana kan madatsar Goronyo da ta Bakolori. Amma abin da ya sa na yi magana shi ne in nuna cewa akwai inda ake haɗa tallafin wuta da na ruwa a tsari ɗaya, domin mun karanta misalin Ostireliya a aji.

Ƙasar ta yi mummunar gobarar daji daga ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020. A watan Janairu na 2020 Firayim Minista Scott Morrison ya kafa hukuma ta musamman don farfaɗo da yankunan da suka ƙone, aka zuba mata dalar Ostireliya biliyan 2 a matakin farko. Manomi ko makiyayin da wuta ta yi wa ɓarna yana iya neman kyautar kuɗi har dala 75,000 don share gona, da gyara shinge, da sayen abincin dabbobi, ga kuma rance mai sauƙin ruwa. Da ambaliya ta auka wa garin Lismore da wasu sassan jihohin New South Wales da Queensland a 2022, irin wannan tsarin aka sake buɗewa, gwamnatin tarayya da ta jiha suna raba nauyin kuɗin bisa yarjejeniyar da take a rubuce tun kafin bala'in ya zo. Akwai ma ƙungiyar 'yan sa kai mai suna BlazeAid, wadda ta samo asali bayan gobarar 2009, aikinta kawai ta tara mutane su je su sake kafa wa manomi shingensa, abin da mu za mu kira gayya.

Su ma manomansu sun yi ta kuka da yawan cike takardu da jinkirin biya, ba aljanna ba ce. Kuma ba girman kuɗin nake so mu kalla ba, don arzikinmu ba ɗaya ba ne. Abin da ya burge ni shi ne manomi ya san ƙa'idar tun kafin wuta ta tashi: ya san abin da ya cancanta, da takardar da zai kawo, da ofishin da zai je. Mu kuwa kowace shekara sai bala'i ya auku sannan a kafa kwamiti, a fara tunanin me za a saya, wa za a ba kwangila.

Tsohon Malamin Gona ya sake amsawa:

Ɗana, ka yi karatu mai amfani, sai dai ka tuna can kowace gona tana da rajista, manomi yana da lambar haraji da rasit na duk abin da ya saya, shi ya sa ake iya tura masa kuɗi kai tsaye. Mu nan har yanzu da igiya da taku ake auna wasu gonakin, kuma maganar Hajiya ta Jega ta nuna maka ko mai noman ma ba a san shi a takarda ba. Hajiya, kin yi gaskiya, mu ma da muke aikin mun yi wannan kuskuren.

Na yi alkawarin dawowa kan inshora. Shirin inshorar noma na gwamnatin tarayya ya fara tun 1987, hukumar inshorar noma ta ƙasa, wato NAIC, ce take gudanar da shi, kuma a kan amfanin gona na abinci gwamnati tana ɗauke wa manomi rabin kuɗin da ya kamata ya biya. Ambaliya da gobara da fari da ƙwari duk suna cikin abin da yake rufewa. Bashin noma na gwamnati galibi da inshora a cikinsa yake zuwa, amma takarda ɗaya ake yi wa ƙungiya gaba ɗaya, shi ya sa ba ka taɓa riƙe taka ba. Ka je wurin shugaban ƙungiyarku da sakatare ka yi musu tambaya a gaban mutane: wane kamfani ne ya yi inshorar, mece ce lambar takardar, kuma yaushe aka kai rahoton ambaliyar? Wannan ta ƙarshen ita ce mai nauyi, domin inshora tana da wa'adin kai rahoto, gajere ne ƙwarai, kuma suna so su ga gonar tun ɓarnar tana ɗanya. Idan an kai a kan lokaci, abin da za a biya yakan tafi ne wurin rage bashin, ba aljihunka ba, amma ko hakan ya sauke maka kaya. Idan kuma ba a kai ba, ku rubuta wa wanda ya ba da bashin ku nemi a ɗaga biya zuwa girbin rani, ku haɗa da takardar hakimi. Geron tudu kuwa ba ya cikin wannan inshorar, tunda ba a kansa aka ci bashin ba, kada wani ya sa maka rai.

Sauran abu ɗaya. Ka ce ana zargin yaran da suka cinna wutar. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa wanda ya hura wuta a ranar da iska take kaɗawa da ƙarfi, ta tsallaka ta ci dukiyar wani, to biya ya hau kansa. Idan akwai shaidu, ka kai maganar gaban hakimi a kira iyayen yaran a yi sulhu, ko rabin geron aka tara maka ya fi jiran abin da ba ka san ranar zuwansa ba. Baɗi kuma, in Allah ya kai mu, ku share faɗin taku goma kewaye da inda za ku jera dammuna tun kafin ciyawa ta bushe, kada kuma a bar hatsi ya yi mako a gona bayan an ɗaure.

Manomin Fadama ya dawo:

Baba, Hajiya, da kai ƙanena na Yawuri, Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan sallar la'asar na karanta wa maƙwabcina da wasu mutum huɗu abin da kuka rubuta, muka wuce wurin hakimi tare. Ya amince zai ba mu wakili ranar Litinin mu je sakatariya, ya kuma sa a yi shela cewa duk wanda wuta ta taɓa a bana ya zo a rubuta, kafin magariba an sami mutum tara, biyu daga cikinsu masu haya ne. Yaran da ake zargi, ɗaya jikan ƙanen mahaifina ne, saboda haka wannan maganar sai na shawarci manya a gida tukuna. Sakataren ƙungiyarmu ya ce takardar inshora tana wurin shugaba, shugaba kuma ya yi tafiya zuwa Kamba, sai ya dawo.

A halin yanzu na ari injin ban ruwa wurin surukina, zan gyara fangali shida a inda laka ta fi kwanciya. Baba, wane irin shinkafa kuke ganin zan raina a wannan sanyin, wanda ba zai wuce wata huɗu ba?